Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Jihadi, Kuma Wa Ke da Ikon Kiransa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin jami'a ne. Gardama ce ta ɓarke a ɗakinmu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ɗayanmu ya ce jihadi yaƙi da son zuciya ne kawai, maganar takobi duk ƙagen maƙiya ne. Wani kuma ya ce jihadi ɗaukar makami ne, kuma duk Musulmin da ya zauna yana kallo ana kashe 'yan'uwansa a duniya munafuki ne. Kowa ya jawo aya. Don Allah a warware mana.

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka kawo tambayar, ba ka bi wanda ya fi ɗaga murya a cikinsu ba. Kowannensu ya kama wani sashe na gaskiya ya saki sauran, sai dai nauyin kuskuren nasu ba ɗaya ba ne. Na farkon ilimi yake ɓatawa, na biyun kuwa maganarsa tana iya kai wa ga zubar da jini.

Bari in fara da na farkon, don irin maganarsa ce ta fi yawa a bakin masu son kare addini da kyakkyawar niyya. Ba gaskiya ba ne a ce babu yaƙi a cikin jihadi. An gwabza a Badar, an gwabza a Uhudu, an haƙa ramin Handak, kuma duk littafin fiƙihun da ka buɗe za ka tarar da babin jihadi, akasarin abin da ke ciki hukunce-hukuncen yaƙi ne da sulhu da fursunoni da ganima. Wannan ɓoye-ɓoyen yana ba ni tsoro ƙwarai. Yaron da aka rena da cewa babu yaƙi a Musulunci, ranar da ya ci karo da Suratul Anfali da Suratut Tauba sai ya ce ashe malamai yaudararsa suka yi, daga nan ya shiga neman wanda zai karanta masa ayoyin ba tare da noƙe-noƙe ba. Wanda yake samu kuwa, sau da yawa, shi ne wanda bai kamata ya samu ba.

Amma akwai abin kamawa a maganarsa. Asalin jihadi ƙure ƙoƙari ne a kan abu mai wuya saboda Allah, kuma yaƙi sashe ne a cikinsa. Aya ta 52 ta Suratul Furƙan ta umarci Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi wa kafirai "jihadi babba", malaman tafsiri tun daga Ibn Abbas suka ce da Alƙur'ani ake nufi, surar kuwa a Makka ta sauka, lokacin da ba a yi wa kowa izinin zare takobi ba. Wani mutum ya zo neman izinin fita yaƙi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce suna nan, ya ce to ya koma ya yi jihadinsa a kansu. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Nana A'isha ta tambayi jihadin mata, aka ce mata aikin Hajji ne. Mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da miskini an kamanta shi da mujahidi, faɗin gaskiya a gaban azzalumin mai mulki kuma an kira shi mafificin jihadi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa jihadi huɗu: na rai, na Shaiɗan, na kafirai, na munafukai, ya ce na rai ne ke gaba, don wanda zuciyarsa ta fi ƙarfinsa ba zai iya da maƙiyin waje ba.

Shi kuwa abokinka na biyu, zafin da yake ji idan ya ga ana zaluntar Musulmi alamar imani ce, ba na raina shi. Amma ka zaunar da shi ku bi tarihin daki-daki.

Shekara 13 Annabi (SAW) ya yi a Makka yana kira, ana azabtar da sahabbansa a gaban idonsa. Abu Jahal ya soke Sumayya da mashi ta zama shahidiya ta farko, mijinta Yasir ma ya mutu a hannunsu, abin da Annabi ya ce wa gidan shi ne su yi haƙuri, makomarsu Aljanna. Habbab ɗan Aratti, maƙeri ne, ana kwantar da shi a kan garwashi har sai kitsen bayansa ya kashe wutar. Shi ne ya sami Annabi a inuwar Ka'aba ya yi matashi da mayafinsa, ya ce ba za ka nema mana taimako ba, ba za ka yi mana addu'a ba? Annabi ya ba shi labarin mutanen da, waɗanda ake tsaga su da zarto ba su bar addininsu ba, ya yi masa alkawarin cewa al'amarin nan zai cika har matafiyi ya tashi daga San'a'a zuwa Hadramautu ba ya tsoron kowa sai Allah, sai kuma kerkeci a kan tumakinsa. Sannan ya rufe da cewa, "amma ku kuna gaggawa." A daren mubaya'ar Aƙaba ta biyu ma, wani daga cikin mutanen Madina ya ce in Annabi yana so gobe su auka wa mutanen Mina da takubba, ya ce ba a umarce mu da haka ba. Su Hamza da Umar suna nan a lokacin, ba rashin jarumai ba ne. Umarni ne bai zo ba.

Izinin bai sauka ba sai da aka yi hijira a 622, Musulmi suka sami gari da shugaba da yarjejeniya tsakaninsu da maƙwabtansu. Ka karanta aya ta 39 da ta 40 na Suratul Hajji ka ga dalilin da aka kafa: an yi izini ga waɗanda ake yaƙa saboda an zalunce su, an kore su daga gidajensu don kawai sun ce Allah ne Ubangijinsu. Ayar ta ci gaba da cewa ba don Allah Yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba, da an rushe ɗakunan ibadar ruhbanawa da coci-coci da wuraren ibadar Yahudawa da masallatai. Masallaci ne ya zo a ƙarshen jerin. Aya ta 190 ta Baƙara ta ce ku yaƙi waɗanda suke yaƙarku, kada ku ƙetare iyaka. Aya ta 61 ta Anfali ta ce in sun karkata ga zaman lafiya, kai ma ka karkata.

Badar ta zo a 624, Musulmi ɗari uku da 'yan kai a gaban kusan dubu. Uhudu ta biyo a 625, aka rasa sahabbai 70 har da Hamza, bayan maharba sun bar inda aka tsayar da su. A 627 taron dangi ya yi wa Madina ƙawanya, shi ne yaƙin Handak. Uhudu da Handak a bakin Madina aka yi su, Ƙuraishawa ne suka tako.

Inda nake so abokinka ya tsaya ya yi dogon tunani shi ne Hudaibiyya, a 628. Annabi ya fito Umra da sahabbai kusan 1,400, aka tare su, aka zauna sulhu na shekara 10. Cikin sharuɗɗan har da cewa duk wanda ya gudo daga Makka zuwa wurin Musulmi za a mayar da shi, wanda ya gudu daga Musulmi kuwa ba za a dawo da shi ba. Ana tsakiyar maganar sai ga Abu Jandal, ɗan Suhailu ɗan Amru wakilin Ƙuraishawa a zaman, yana jan mari a ƙafafunsa, ya tsero daga inda aka ɗaure shi saboda ya musulunta. Ya faɗi a tsakiyar Musulmi. Ubansa ya ce da wannan za a fara. Annabi ya roƙe shi ya bar masa shi, ya ƙi. Abu Jandal yana ɗaga murya yana cewa ya ku Musulmi, mayar da ni za a yi ga mushirikai, ba ku ga abin da suka yi mini ba? Maza suna tsaye da takubba a rataye, Umar har ya kasa daurewa ya je yana tambayar Annabi, ashe ba mu ne a kan gaskiya ba? Duk da haka aka mayar da shi, Annabi ya ce masa ya yi haƙuri, Allah zai ba shi mafita, an riga an ƙulla alkawari kuma Musulmi ba sa yaudara. A hanyar komawa Suratul Fathi ta sauka ta kira wannan sulhun buɗi bayyananne. Bayan shekara biyu, da Ƙuraishawa suka warware alkawarin da kansu, mutum 10,000 suka shiga Makka kusan ba a zubar da jini ba, aka yi wa mutanen garin afuwa. To da ma'aunin abokinka, me zai kira waɗanda suka tsaya suna kallo aka ja Abu Jandal? Aya ta 72 ta Anfali ma ta faɗa ƙarara: in Musulmin da ke wani wuri suka nemi taimakonku a addini ku taimake su, sai fa a kan mutanen da kuke da alkawari da su.

Jihadi na makami ibada ne, kuma yana da sharuɗɗa kamar salla. Wanda ya tashi ya yi azahar da hantsi, ba alwala, ya ba alƙibla baya, ba za a ce ya fi kowa son salla ba, cewa za a yi bai yi salla ba. Sharaɗi na farko shi ne shugaba. Hadisi ya ce shugaba garkuwa ne, a bayansa ake yaƙi, Ibn Ƙudama kuma ya ce al'amarin jihadi a hannun shugaba yake da ijtihadinsa. A wurin jumhur, wato mafi yawan malamai, farilla ce ta kifaya, wasu suna ɗauke wa wasu, ba ta hawa kan kowa da kowa sai abokan gaba sun auka wa gari ko shugaba ya kira mutum da kansa. Ibn Abi Zaid a Risala ya ce ba a fita sai da izinin iyaye, sai dai in hari aka kawo wa gari ba zato, kuma ba a kashe mata da yara, ana nisantar kashe malaman Kirista da na Yahudu in ba su shiga yaƙin ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan da zai tafi Sham: kada ka kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada ka sare itace mai 'ya'ya, kada ka rushe wurin da mutane ke zaune, kada ka yanka akuya ko raƙumi sai don ci, kada ka ha'inci ganima, masu ibada a ɗakunansu kuma ka ƙyale su da abin da suka tsare kansu dominsa.

Kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa ba a kan wannan. Usama ɗan Zaidu, masoyin Annabi ɗan masoyinsa, ya rutsa wani a fagen fama, mutumin ya ce La'ilaha illallahu, ya soke shi duk da haka, yana ganin tsoron makami ne ya sa shi faɗa. Annabi ya ce masa, tsaga zuciyarsa ka yi ka gani? Ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Da Halidu ɗan Walidu ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta, Annabi ya ɗaga hannu ya ce ya Allah ina barranta zuwa gare Ka daga abin da Halidu ya aikata, kuma aka biya diyya.

Na san abokinka zai jawo aya ta 5 ta Suratut Tauba. Ka ce ya haɗa da ta 4 da ta 6. Ta gabanta ta cire mushirikan da ba su warware alkawari ba, ta bayanta ta ce in mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, ya ji maganar Allah, sannan a raka shi inda zai aminta. Gaskiya ne wasu magabata sun ce ta shafe ayoyin sulhu, wasu kuma sun ce ba ta shafe ba, kowace aya da halin da take aiki. Jumhur sun tafi a kan cewa dalilin yaƙar mutum shi ne yana yaƙarka, ba kafircinsa ba, in ba haka ba da ba a hana kashe mata da tsofaffi ba.

Zafin zuciyarsa kuwa yana da hanyoyi: addu'a, tallafi da dukiya ta hannun amintattu, faɗin gaskiya da baki da alƙalami, matsa wa hukumomi su yi abin da ya hau kansu, da tsayawa a kan karatunsa har ya zama likita ko lauya ko injiniyan da wanda aka zalunta zai amfana da shi. Kalmar munafuki kuma ya janye ta, tana da nauyi a mizani.

TAMBAYA: Malam, ni Kirista ne, ina karanta wannan fili a kai a kai. Tun muna yara muke jin cewa da takobi aka yaɗa Musulunci. Ina da abokai Musulmi na kirki, amma ina jin nauyin tambayarsu. Mene ne gaskiyar magana?

AMSA: Na gode da amanar da ka ba ni, ɗan'uwa, kuma ba zan shafa maka mai a baki ba. Abu biyu ne ake cakuɗawa: yaɗuwar mulki da yaɗuwar imani.

Mulkin Musulmi da runduna ya faɗaɗa, wannan ba abin musu ba ne. Annabi (SAW) ya rasu a 632. A 636 aka karya Rumawa a Yarmuk, Farisawa suka faɗi a Ƙadisiyya a daidai wannan tsakani, Ƙudus ta miƙa wuya ga Halifa Umar, Amru ɗan Asi ya ci Masar, a 711 Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya ƙetara Andalus. Ba zan ce maka duk wannan kare kai ba ne. Malaman fiƙihu sun yi maganar jihadin tunkuɗe hari, sun kuma yi maganar jihadin zuwa a sami abokan gaba a ƙasarsu, a duniyar da dauloli ba su san iyaka tsayayya ba, wanda ba ku da alkawari da shi to a bakin yaƙi kuke. A yau ƙasashen Musulmi sun shiga yarjejeniyoyi da sauran ƙasashe, har da ta Majalisar Ɗinkin Duniya, alkawari kuwa a shari'a abin cikawa ne, kuma wanda ya shiga ƙasar wasu da biza ya shiga da amana.

Imani kuwa a hankali ya tafi. Mutanen Sham da Masar da Iraƙi sun daɗe a kan addinansu bayan an ci ƙasashen, suna biyan jiziya, wato harajin da waɗanda ba Musulmi ba ke biya, ba su zama masu rinjayen Musulmi ba sai bayan ƙarnuka. Har akwai gwamnonin Banu Umayya da ba su so mutane su musulunta don kada kuɗin shiga ya ragu, sai da Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, ya hana karɓar jiziya a hannun wanda ya musulunta, ya ce Allah Ya aiko Annabi mai kira ne, ba mai tara haraji ba. Kibɗawan Masar suna nan da coci-cocinsu har gobe. Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, rundunar Larabawa ba ta taɓa zuwa can ba, fatake da malamai ne suka kai addinin.

An yi zalunci da sunan addini? An yi. Al-Hakim na daular Faɗimiyya ya rushe babbar cocin Ƙudus a 1009, daular Muwahhiduna kuma ta tilasta wa Yahudawa da Kiristoci barin addininsu a arewacin Afirka da Andalus a ƙarni na 12. Waɗannan sun saɓa wa aya ta 256 ta Baƙara da ta ce babu tilas a addini. Abin da ke faranta mini rai a tarihin nan shi ne ba a rasa malamin da zai tsaya ba. Da wasu Kiristocin Dutsen Labanan suka yi tawaye, gwamnan Abbasiyawa ya kori jama'a da yawa daga garuruwansu, Imamu Auza'i ya rubuta masa yana tambaya, ta yaya za a kama jama'a da laifin wasu 'yan tsiraru, alhali Allah Ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani? Amir Abdulƙadir na Aljeriya ya yaƙi Faransa daga 1832 zuwa 1847 da sunan jihadi, kuma shi ɗin ne a 1860, yana zaman gudun hijira a Dimashƙa, ya fito da mutanensa ya kuɓutar da dubban Kiristoci daga masu tarzoma, ya buɗe musu gidansa. A wurinsa shari'a ɗaya ce ta sa shi duka biyun.

Masu mulki kuma sun sha ɗaukar kalmar su yi siyasa da ita. A Nuwamba 1914 daular Usmaniyya ta shelanta jihadi a kan Ingila da Faransa da Rasha, alhali tana ƙawance da Jamus, Musulmin duniya da yawa ba su amsa ba. Saboda haka in ka ji an ce jihadi, ka tambaya wa ya kira, a kan wa, kuma me malaman lokacin suka ce. Abokan naka kuma ka tambaye su, ba za su ji haushi ba.

TAMBAYA: Malam, ya ingancin hadisin nan da ake cewa, "mun dawo daga ƙaramin jihadi zuwa babban jihadi"?

AMSA: Bai inganta ba daga Annabi (SAW). Baihaƙi ya kawo shi ya nuna rauninsa, Ibn Hajar kuma ya ce maganar Ibrahimu ɗan Abu Abla ce, wani daga cikin tabi'ai, waɗanda suka zo bayan sahabbai. Kada a jingina shi ga Annabi. Amma rauninsa bai rushe jihadin rai ba, don Tirmizi ya ruwaito daga Fadala ɗan Ubaidu cewa mujahidi shi ne wanda ya yaƙi ransa, kuma ayar ƙarshe ta Suratul Ankabut ta yi alkawarin shiriya ga waɗanda suka yi ƙoƙari saboda Allah.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce, hankalina a tashe yake. Ɗana mai shekara 19 ya canza. Kullum yana kan waya yana sauraron wasu masu wa'azi, ya daina bin limamin unguwa salla, yana cewa ma'aikatan gwamnati duk kafirai ne har da kawunsa. Da na yi masa magana sai ya ce ai Shehu Ɗanfodiyo ma sarakunan da ke kiran kansu Musulmi ya yaƙa. Me zan yi?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya sanyaya miki, Ya shirya mana zuriya. Kin yi daidai da ba ki yi shiru ba, don abin da kika lissafa alamomi ne na tsohuwar cuta da malamai suka san sunanta.

Tun zamanin Sayyidina Ali aka fara ta. Hawarijawa mutane ne masu yawan salla da karatun Alƙur'ani, suka kafirta Ali da Mu'awiya da duk wanda ya yarda da sulhun da aka yi tsakaninsu, suna cewa babu hukunci sai na Allah. Ali ya ce kalmar gaskiya ce ake nufin ɓata da ita. Malaman tarihi sun kawo cewa sun tare Abdullahi ɗan Habbab, ɗan sahabi, yana tafe da iyalinsa mai juna biyu. A hanya ɗayansu ya tsinci dabinon da ya faɗo ya jefa a baki, 'yan'uwansa suka ce ka ci abin da ba ka biya ba, ya tofar. Wani ya sari aladen wani Kirista, suka ce wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, ya je ya biya mai shi. Abdullahi ya ga haka ya ce in dai haka kuke, babu abin da zan ji tsoro a wurinku. Suka yanka shi a bakin kogi saboda ya yabi Usmanu da Ali, suka farke cikin matar. Ibn Umar ya ce sun ɗauki ayoyin da suka sauka a kan kafirai sun ɗora wa muminai. Ali ya yaƙe su a Naharawan a 658, ɗayansu kuma, Ibn Muljam, ya sare shi a 661 yana fita sallar asuba.

A zamaninmu cutar ta sake tsiro bayan yaƙin Afganistan na 1979 zuwa 1989, wanda Amurka da Saudiyya da Pakistan suka tallafa wa. A nan ra'ayin ya yaɗu cewa jihadi ya hau kan kowane mutum shi kaɗai, ba sai da shugaba ba, ba sai da izinin iyaye ba. Da aka cire waɗannan turakun, ki duba a kan wa makamin ya juya: ɗalibai fiye da 130 a wata makaranta a Peshawar ta Pakistan a Disamba 2014, masallata fiye da 100 a babban masallacin Kano a Nuwamban wannan shekarar, fiye da 300 a masallacin Rauda na Sina'i a Masar ranar wata Juma'a a Nuwamba 2017. A Satumba 2014 malamai fiye da 120 daga ƙasashe daban-daban suka rubuta wa shugaban ƙungiyar Da'ish (ISIS) buɗaɗɗiyar wasiƙa suna warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya.

Maganar Shehu kuwa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shehu Usmanu ya fara wa'azi wajen 1774, ya shekara kusan 30 yana karantar da maza da mata kafin a harba kibiya ɗaya. Sai da aka takura wa jama'arsa aka kai musu hari, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka yi masa mubaya'a, sannan aka gwabza a Tafkin Kwatto. Kuma shi da kansa ya rubuta littattafai da dama yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawan Musulmi don sun kasa amsa tambayoyin tauhidi. Ƙaninsa Abdullahi, da ya ga wasu mayaƙa sun karkata ga ganima da sarauta, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Shehu Al-Kanemi na Barno ya rubuto yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Muhammadu Bello ya amsa, kuma ya adana wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisur har da na mai sukar tasu. Malamai ne da suka ƙoshi da ilimi, duk da haka batun jinin Musulmi bai zo musu da sauƙi ba. Ɗan shekara 19 da waya a hannu ba zai yanke shi a ɗakinsa ba.

Abin da nake ba ki shawara: kada ki kore shi, kada ki tsine masa, kada a taru a yi masa dariya, don masu jansa jira suke ya ji ba shi da kowa sai su. Ki ja shi a jiki, ki riƙa tambayarsa me ya ji yau, ki saurara har ya gama. Mahaifinsa ko wani babba da yake jin nauyinsa ya shigo cikin maganar. A nemo malami masani mai haƙuri, wanda zai zauna da shi a buɗe littafi a bi hujjojin nan ɗaya-ɗaya, ba mai zagi ba. Ibn Abbas haka ya yi da Hawarijawa kafin Naharawan, ya shiga sansaninsu ya ce su kawo abin da suke tuhumar Ali da shi, ya amsa musu da aya da sunna, dubbai suka dawo. Ki tuna masa hadisin mutumin da aka mayar ga iyayensa, ki gaya masa kai tsaye cewa ba ki yi masa izinin zuwa ko'ina ba. A sama masa abin yi, karatu ko sana'a, da abokan zama na ƙwarai. In kuwa kika ga ya fara ɓoye tafiye-tafiye, ko baƙin kuɗi suna shigo masa, ko yana maganar makami da bankwana, to kada kunya ta hana ki, ku manyan gida ku sanar da hukuma tun kafin ya ɗauki ran wani ko ya rasa nasa. Ki kuma dage da addu'a a sujada, addu'ar uwa ga ɗanta karɓaɓɓiya ce. Wallahu a'alam.